Kaka da Lomar Hagu

A wani gari an yi wata mai zane. Takan sassaƙa hoto a katako, ta shafa tawada, ta danna a takarda.

Kwana bakwai tana sassaƙa hoton kakarta tana cin tuwo. Da ta ɗaga takarda, sai ga Kaka tana ci da hagu! Ta manta hoto juyawa yake in an buga.

Ƙawarta ta ce, "Gobe ne fa gasar zane. Kai shi haka, wa zai lura?"

Kaka ba ta taɓa kai loma da hagu ba. Sai ta ɗauko sabon katako. Gasa ta wuce, tana sassaƙa.

Kaka ta duba sabon hoto, ta ce, "Yauwa, ja'ira! Hannun dai nawa ne, amma wannan ƙatuwar loma taki ce."