Kukan Mai Juna Biyu

"Ka mayar da ni gidanmu, Yaya Jamalu... don Allah ka mayar da ni Gagarawa!"

Jamalu ya yi turus a bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga kasuwar Maigatari. Matarsa Tayyiba na zaune dirshan a ƙasa, ta dafe tsohon cikinta, idanunta sun yi luhu-luhu.

"Me na yi miki, farin cikina?"

"Ba ka yi mini komai ba! Ni ce... ba na barci, abinci ba ya shiga. Kullum gani nake wurin haihuwa zan mutu. Kowa murna yake, ni kuwa ƙirjina kamar an ɗora dutse."

Sai ga Inna, mahaifiyarsa, ta bankaɗo labule.

"Ka ji ko? Dama Hidaya ta faɗa mini ba ta son cikin! Tun farko na ce ka auri 'yar gida, ka ƙi."

Hidaya 'yar ƙanwar Inna ce, ta so Jamalu, shi kuwa bai kula ta ba.

Ya russuna. "Ki yi haƙuri, Inna. Ni dai ciwo nake gani."

Washegari ya fasa kasuwa, ya tari adaidaita, ya lallaɓi Inna ta raka su asibiti a nan cikin Gumel. Malamar awo ta bar Tayyiba ta amayar da abin da ke ranta tsaf, sannan malamar ta ce:

"Ciwon damuwa ne, yana kama masu juna biyu da yawa. Ba iska ba ce, ba rashin tawakkali ba ne. Ana warkewa, amma kada ku bar ta ita kaɗai."

Suka fito daga asibitin. Sai a hanya Tayyiba ta ji Inna ta riƙe hannunta.

"Da cikin mijin nan naki, haka na dinga kuka a bayan rumbu. Aka ce shagwaɓa ce, na haɗiye..." Muryar Inna ta karye. "Yafe mini, 'yar nan."

Tayyiba ta kifa kai a kafaɗarta.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Wata rana dariya, wata rana hawaye. Inna ta karɓe girki, Jamalu bai taɓa fashin kai ta ganin likita ba. Da Hidaya ta sake kawo tsegumi, daga zaure Inna ta sallame ta.

Ranar da aka miƙo wa Tayyiba jaririyarta, kuka ta yi har da shessheƙa.

Jamalu ya ruɗe. "Ciwon ne ya dawo?"

"A'a, masoyina... wannan na godiya ne. Kai da Inna kun riƙe ni lokacin da na kasa riƙe kaina."

"To wane suna kike so?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"A yi wa Inna takwara."

Daga bakin ƙofa suka ji Inna ta rangaɗa guɗa.