Mai Sauka a Ƙofar Asibiti

"Direba, akwai mai sauka a asibitin ƙwaƙwalwa!"

Bas ɗin ta yi tsit kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Wani dattijo ya janye jakarsa ya rungume, wata mata ta matsa jikin taga. Auta kuwa ko a jikinta, ta gyara mayafi ta miƙe. Duk wata takan zo ganin likita, kuma ta daɗe da gane dabarar mutane: masu zuwa asibitin nan ba sa sauka a ƙofarsa. A gidan man da ke baya suke sauka, su ƙarasa da ƙafa cikin rana, kowa na yi kamar wani wurin ya nufa. Ita ma ta yi hakan a farko, har ranar da takalminta ya tsinke a hanya ta tsaya tana tambayar kanta, wai me ta sata ne da take saɗaɗawa.

Za ta sauka suka haɗa ido da direban ta madubi. Saurayi ne dogo mai wushirya, ya naɗe hannun riga, yana kallonta yana ta murmushi.

"Tunda na fara bin hanyar nan, yau na fara taka birki a ƙofar nan," ya ce. "A sauka lafiya, Likita."

Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce.

Da ta fito, bas ɗin ce dai ta sake tsayawa a gabanta, kujerar gaba babu kowa duk da mutane a tsaye. Kafin su kai tasha ya karɓi lambarta, shi ma bai san yadda bakinsa ya iya ba. Da yamma saƙo ya shigo:

"Likita, akwai mara lafiya. Tun safe yake taka birki a inda babu mai sauka. Fasinjoji sun ce ya nemi magani."

Ta mayar masa: "Mai Madubi, maganinsa ya riƙa kallon titi. Rayukan jama'a ne a hannunsa."

Haka aka yi ta yi, saƙo na bin saƙo, har ya nemi izinin zuwa gida. Ya same ta a tsakar gida a kan keken ɗinki, labulaye jibge a gefenta, allura a baki.

"Iko sai Allah! Likita har da ɗinki?"

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Sai yanzu ta gane ba wasa yake ba, da gaske ya ɗauka likita ce. Ta cire allurar daga bakinta a hankali.

"Ɗinkin labule ne sana'ata. Ni ba likita ba ce, ganin likita nake zuwa. Ciwon damuwa na yi, mai tsanani. Na daina ci, na daina magana, har aka kwantar da ni. Yanzu na samu lafiya, amma ina shan magani kullum, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana iya dawowa."

Murmushinsa ya tafi. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi 'yan kame-kame, ya tashi. Auta ta ci gaba da ɗinki, sai da ta kai ƙarshen labulen ta lura a karkace ta yi shi. Ta san wannan tashin. Wasu biyu sun yi mata irinsa kafin shi, amma babu wanda ya yi mata ciwo kamar na yau.

Kwanaki suka shuɗe wayarta shiru. Sannan wata safiya saƙo ya shigo:

"Auta, ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro na ji. Tun ina yaro abin da na sani shi ne a guje wa wanda ya shiga gidan nan. Na zauna ina neman abin da ya canza a jikinki tsakanin lokacin da na shigo gidanku da lokacin da na fita, ban samu ba. Ni ne na canza. Ki yafe mini, ki koya mini. Kujerarki tana nan, har na yi faɗa da wani mai tumbi a kanta."

Ta karanta tana share hawaye tana dariya. Ta rubuta: "Na yafe. Ka ba mai tumbi haƙuri."

Wata na gaba tare suka shiga wurin likita. Ya jero tambayoyi har likitan ya ce ko shi ma za a buɗe masa kati ne. Ya koyi alamomin da zai lura da su, ya koyi cewa ba duk shiru ne ciwo ba, wani shirun fushi ne, kuma shi ya jawo.

"Zuciyata, yanzu wane irin shiru ne wannan?" yakan tambaya.

"Na yunwa ne, Mai Madubi."

Sai dai soyayya ba ta mutum biyu kaɗai ba ce idan an zo maganar aure. Ummansa tana da aminiya, Maman Biyu, mai shagon yadudduka, wadda ta daɗe tana yi wa 'yarta kamun direban nan. Ranar da ya nuna hoton Auta a gida tana zaune. Ta kalli hoton, ta dafe ƙirji, ta ce ai yarinyar nan taɓaɓɓiya ce, a gari ta ji. Ta ƙara da cewa abin yana bin jini, kada a jawo wa zuri'a abin da za a yi ta nuna su da baki.

Umma ta ce sam. Ya yi lallashi, ya yi roƙo, ya rame har wushiryar ta ƙara fitowa. Daga ƙarshe ta sauko, amma da sharaɗi. Shi ya kawo wa Auta saƙon, yana magana yana kallon takalminsa.

"Ta ce ta yarda, in dai za ki koma wani asibiti mai nisa. Kuma kada dangi su sani. Maganin ma... a riƙa sha inda ba kowa."

"Kai me ka ce?"

"Na ce zan tambaye ki."

"To ka tambaya. Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidan da zan riƙa laɓewa a bayan ƙofa ina haɗiyar magani kamar ɓarauniya ba. Ɓoyon nan shi ya kusa kashe ni a farko." Ta ja numfashi. "Wace ce ma aminiyar nan da ka ce ta kai wa Umma maganata?"

Ya nuna mata hoton matar tare da Umma a wayarsa. Auta ta ƙura wa fuskar ido. Ta san matar nan sarai. Duk wata benci ɗaya suke zama, tana zuwa karɓar maganin mijinta, takunkumi a fuska, mayafi har gira. Ashe garin da ta ji labari a ciki ke nan.

Bayan ya tafi ta ɗauki waya ta rubuta masa komai, layi uku kacal da za su rufe bakin Maman Biyu har abada. Yatsanta na kan turawa ta tuna yadda matar take sunkuyar da kai idan aka kira sunan mijinta. Ta goge. Ta kifa kanta a kan keken ɗinki ta yi kukanta, don ta san mai yiwuwa aurenta ta goge.

Ranar ganin likita ta zo. Auta na zaune a benci, Maman Biyu a can ƙarshensa tana kallon bango, sai ga wata mata ta shigo tana haki, zufa ta jiƙa mata mayafi. Umma ce. Ta zo ta ga yarinyar da idonta a inda take zaton za ta tarar da ana ihu da sarƙa, kuma ita ma, baiwar Allah, a gidan mai ta sauka. Abin da ta tarar mutane ne a zazzaune, wani na karanta jarida, wata na ba ɗanta nono.

Auta ta tashi ta durƙusa. "Ina kwana, Umma. Ga wuri, ki zauna ki huta."

Umma ta zauna ba don ta so ba, ƙafafun ne suka yanke hukunci. Ta juya gefenta. Takunkumi yana rufe baki da hanci, amma ba ya rufe idon aminiyar da aka yi ƙuruciya tare.

"Maman Biyu? Me kike yi a nan?"

Daidai nan aka kira sunan mijin Maman Biyu daga tagar magani. Maman Biyu ta kasa tashi. Auta ta zare katin daga hannunta a hankali, ta je ta karɓo, ta sa mata a jaka. Matar ta fashe da kuka.

"Shekara da shekaru ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Tafiyar da nake ce miki ya yi, yana ɗaki. Na ji tsoron kada a ƙi auren 'ya'yana."

Umma ta riƙe ta, ita ma idonta ya kawo ruwa. "Haba ke kuwa! Ni ma kika ɓoye wa?" Can ta ɗago ta dubi Auta. "Ke kin san ta a nan?"

"Mun daɗe muna haɗuwa, Umma."

"Kuma kin san abin da ta faɗa a kanki, ba ki gaya wa yaron nan ba?"

"Ba sirrina ba ne. Nawa ne kaɗai nake da ikon faɗa."

Umma ta jinjina kai. Sannan ta matsa, ta buga bencin da tafin hannu. "Zo ki zauna kusa da ni, 'yar nan. Idan an kira ki tare za mu shiga, ni ma ina da tambayoyi."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Me kika yi wa Ummata? Ta ce in na yi sake kika kuɓuce mini in nemi wata uwar."

Ta amsa: "Wuri kawai na ba ta a benci, Angona."

Ranar biki falon Umma ya cika maƙil da dangi. Labulayen da ke tagogin duk ɗinkin amarya ne, Maman Biyu ce ta kawo yadin, ta kuma zo da mijinta, wanda mutane suka daɗe ba su gani ba, yana zaune cikin maza ana hira da shi. Ango sai leƙowa yake ta ƙofa ana korarsa.

Ana tsaka da raha Umma ta dubi agogo, ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da kofin ruwa. Ta ratsa mata har gaban amarya.

"'Yata, lokacin maganinki ya yi."

Wata gwaggo ta miƙo wuya. "Maganin me amarya take sha?"

Auta ta buɗe baki, Umma ta riga ta.

"Na ciwon damuwa. Kamar yadda kike shan na hawan jini, sai dai ita ba ta mantawa."

Falon ya kwashe da dariya, har gwaggon. Auta ta ɓallo ƙwayar a gaban kowa, ta karɓi kofin da hannu biyu, ta sha. Umma ta dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki lafiya, ya zaunar da ku cikin aminci. Gidan nan naki ne, babu ƙofar da za ki laɓe a bayanta."

"Amin!" in ji ango daga bakin ƙofa, da ƙarfin da ya fi na kowa. Wannan karon babu wanda ya kore shi.