Boris ɗin da Dogo Ya Musanya

Ku yaran yanzu ba ku da kunya. Ɗan'uwanku ya samu, cikinku ya hau ciwo. To ku gyara zama ku ji abin da ya sami Dogo.

Shago ɗaya suke da ƙanensa Auta, suna gyaran injinan hannu, na huda katako da na yankan ƙarfe. Dogo ne ya koya wa Auta riƙon sukundireba. Amma yanzu duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Ina Auta?" Dogo ya yi murmushin yaƙe, hassada na cin sa.

Ran nan dab da magariba wani tsoho ya shigo da giranda, injin nan mai faifai da ke cin ƙarfe. Ya dire ta gaban Auta, da 'yar leda a liƙe.

"Boris ne a ledar, zoben ƙarfen nan da faifan ke juyi a kansa, na kamfanin da ya ƙera ta," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Shi za ka sa, ɗana. Kada wani ya shiga cikinta."

"Baba, ai ni ne babba a nan," in ji Dogo.

Tsohon ko kallonsa bai yi ba. Ya fita, ya bar shagon da ƙaurin ƙonannen ƙarfe.

Auta ya haɗa ta tsaf, ya tafi sayo wa mahaifiyarsu magani. Yana juya baya Dogo ya sa sakata. Ya kwance girandar, ya zare sabon boris, ya lalubo wani cinyayye a gwangwanin tarkace ya cusa, ya ɗaure.

"Gobe ta ci tura a hannun mai ita, mu ga wa za a riƙa tambaya."

Bai rufe baki ba wuta ta ɗauke.

Shagon ya yi tsit. Sai ya ji ƙiii, a hankali, kamar ana wasa wuƙa.

Girandar ce ke juyawa. Wayarta kuwa tana naɗe a kan tebur, shi da kansa ya naɗe ta.

Ƙaurin nan ya dawo. Tartsatsi ya tashi, a haskensa ya ga tsohon zaune a kujerar Auta. Sakata tana nan yadda ya sa ta.

"Ba ni abina," in ji tsohon.

Dogo ya miƙa hannun dama. Yatsun suka ƙi buɗewa. Sabon boris ɗin da ya zare yana juyi a tafinsa, yana zafi.

Faifan ya kama tebur, yana ci, yana matsowa.

Ya nemi addu'a, harshe ya yi nauyi.

Iskar faifan ta taɓa masa wuyan hannu.

"Yaya! Buɗe mana, me kake yi a duhu?"

Muryar Auta ce, yana dukan ƙofa. Nan take komai ya tsaya.

Da aka ɓalle ƙofar, ba tsoho, ba giranda. Sai tsagar faifai a tebur, da cinyayyen boris a ajiye gefenta. Auta ya ɗauka ya juya shi, ya dubi yayansa.

Ƙunar tafin Dogo ta warke, ta bar zobe. Amma hannun bai daina rawa ba har yau, ko bakin noti ba ya iya saitawa. A bakin ƙofa yake wuni a zaune. Duk wanda ya zo ya ce, "Ina Auta?" shi ke nuna masa, da hannun hagu.