Layin da Auta Ta Tsallake

Akwai wata yarinya, kowa a gidansu Auta yake ce mata. Babanta ya rasu bara. Ya bar musu labarai masu ban dariya a tsohuwar kwamfutarsa. Da yatsu biyu ya buga su, a hankali, kamar kaza na tsintar hatsi.

Yayanta yana aiki a shagon buga takardu. Ya ce zai mayar da labaran littafi, su ba Mama. Auta ta yi ta tsalle har takalminta ya fita.

Ranar Asabar ta bi shi shago. Ya buɗe labaran a kwamfutar shagon, ya nuna mata wata kwalliyar rubutu. Baƙaƙen duk manya ne, amma gajeru, tsayinsu ɗaya da na ƙanana. Auta ta ce kamar dattawa ne suka zauna a ƙasa. Yaya ya yi dariya.

Ya ce kan kowane labari, wato takensa, kaɗai za a yi wa wannan ado, kuma ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya rubuta umarni layi biyu a takarda. Na farko ya ce wa kwamfuta ta nemo kan labari. Na biyu ya ce ta yi masa ado.

Sai maƙwabci ya kira shi, wai injinsa ya cinye takarda. Yaya ya ce mata ta jira shi.

Auta ta dubi layi na farko. Dogo ne, ga alamomi barkatai. Na biyu kuwa ɗan guntu. Ta buga na biyun kawai, ta danna.

Kafin ƙiftawar ido, littafin duka ya sauya. Daga shafin farko har na ƙarshe, babu ƙaramin baƙi ko ɗaya. Auta ta bi shafukan tana dubawa. Ta ɗauka rubutun Baba ya tafi ke nan, shi ma ba zai dawo ba.

Yaya ya dawo ya tarar da ita tana kuka.

"Autar Mama, wa ya taɓa ki?"

"Ni ce, Yaya. Na tsallake layi ɗaya. Na ɓata rubutun Baba."

Ya duba, ya yi murmushi, ya share mata hawaye.

"Sarkin sauri, ba ki ɓata komai ba. Riga kawai kika sa musu. Baƙaƙen Baba suna nan a ciki, yadda ya bar su."

Ya ce kwamfuta ba ta san abin da ke zuciyar mutum ba. Abin da aka faɗa mata shi take yi. Tunda Auta ce ta yi kuskuren, ita za ta gyara.

Auta ta cire adon da kanta. Sannan ta buga dogon layin, alama bayan alama, har yatsunta suka gaji, ta bi shi da guntun layin. Ta danna. Kan kowane labari ya fito tsaf, sauran rubutun ya koma yadda yake.

Da yamma suka miƙa wa Mama littafin. Ta shafa bangonsa. Ta karanta labarin akuyar da ta cinye sabulun Baba, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Auta ta gaya mata abin da ya faru. Mama ta jawo ta jikinta ta ce, "Sauri kan haifi nawa, Auta. Abin da ba ki gane ba, kada ki tsallake shi. Ki jira, ki tambaya."