Gorubar da Aka Auna

Wata Laraba da hantsi, wata malamar asibiti ta biyo ta gidan wani mutum a can wani ƙauye. Ta ga goruba a tsakar gidan, irin mai jar tsoka wadda ba a cika samu ba. Ta dubi 'yarsa ramammiya, ta ce, "Maigida, an auna irin wannan, tana ƙara jini. A riƙa daka wa yarinyar nan a kunu."

Mutumin ya ji daɗi ƙwarai. Duk baƙon da ya zo sai ya miƙa masa biyu, ya ce, "Ci ka ji, an auna ta."

Matarsa ta ce, "Malam, ba ni uku in daka."

Ya ce, "Bari baƙi su tafi."

Baƙi kuwa, Allah ya saka musu da alheri, ba su taɓa fashi ba.

Ta ce, "To in turo ta zaure ta yi sallama, ko ta samu biyu?"

Ya ce, "Bari baƙi su tafi."

Kafin damina goruba ta ƙare. Maƙwabta sun yi kumatu. Yarinyar kuwa ta kasa tashi daga tabarma.