Bawul Masu Tsayi Ɗaya

Da hantsi wata tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sanda tana jan Baba Makanike da hannun riga.

"Sufeto, ɗana, kulle min mutumin nan! Motar marigayi mijina na ba shi ya wanke injin, ya maido min ita tana tari. Ya sace kayan cikinta."

"Wallahi ko allura ban ɗauka ba," in ji Baba. Da furfurarsa, in aka kira shi ɓarawo yau, garejinsa ya mutu ke nan.

Sufeto mutum ne mai shegen son sanin abu. Ya ce a kai shi ya ga motar.

Irin ta zamanin farko ce, wadda ake murɗa ƙarfe a gaba kafin ta tashi. Aka murɗa. Ta kama ƙas-ƙas-ƙas.

"Mene ne ke ƙara haka?"

"Bawul ne, ranka ya daɗe. Su ke buɗe wa mai hanya, su sallami hayaƙi."

"Ban da kai, wa ya taɓa su?"

"Babu kowa," in ji Baba, da saurin da Sufeto bai so ba.

Ya sa aka kwance su, ya jera a kan benci. "Kai, sun burge ni. Kansu ɗaya, kamar kurata a fareti."

Baba ya matso ya shafa su. Ya girgiza kai.

"Ba zai yiwu ba. Injin nan ba shi da notin daidaitawa. Kowane bawul da magagari ake rage gindinsa har ya zauna a gurbinsa, shi ya sa tsayinsu ke bambanta. Waɗannan ba na motar nan ba ne."

Sufeto ya bi jikin ɗaya da farce. Akwai wani siririn zane da ya nannaɗe shi. Ya duba sauran, duk haka.

"Baba, wannan aikin injin gurza ƙarfe ne, kai kuwa ba ka da shi. Wa kake rufa wa asiri?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Mijin 'yata. Shi na ba ya goge min su. Idona ya yi rauni, na ɗaura ban duba ba."

Suka sami surukin a shagonsa, yana ta fara'a.

"Gogewa kawai na yi da tsumma, yallaɓai. Ko kusa da inji ban kai su ba."

"Madalla. Ni kuwa ban taɓa ganin yadda abin nan ke aiki ba. Ɗan gurza min wannan guntun ƙarfen mana."

Ya gurza yana taƙama. Sufeto ya karɓa da ɗuminsa, ya ajiye kusa da bawul ɗin. Zane ɗaya sak.

Fara'ar ta gudu.

"Wani mai tara kayan tsofaffin motoci na sayar wa na ainihin," ya ce a hankali. "Guda ɗaya na auna na yi sauran. Na ɗauka duk ɗaya ne."

Wani kofur ya sa masa ankwa ya tasa ƙeyarsa.

"Yafe min, Malam," in ji tsohuwar.

"Baba, sunanka ya wanku," in ji Sufeto. "Je ka gida."

Baba bai motsa ba. Idonsa na kan bayan surukinsa.

"Gida? 'Yata na can tana jira in gaya mata an kama ɓarawon."