Kwandon Tsohuwar Tashar Ruwa

Gab da magariba mai jirgi ya aiki Wadud tsohuwar tashar ruwa ya ɗauko igiya. Garin masunta ne a gaɓar tekun Sikotlan, gidajen dutse a cunkushe, lunguna na ƙarnin kifi da hayaƙi. Baƙi har hoto suke zuwa ɗauka. Shi kuwa Wadud, ɗan Salaga, tunda ya zo aikin su ba wanda ya taɓa ce masa ya gida. Kaɗaici ya ci shi ya cinye.

A kan matakalar da ke gangarawa cikin ruwa ya ga wata tsohuwa duƙe, da ƙaton kwando a baya, irin na matan da ke tallan kifi a zamanin da. Masunta biyu suka wuce ta, suka kau da kai, kowa ya shafi ƙarfen shinge kamar mai neman tsari. Rashin tarbiyya, in ji Wadud a ransa. A Salaga ka wuce tsohuwa da kaya, labari ya riga ka isa gida.

Ya karɓi kwandon, ya goya shi, ya rataya igiyar kwandon a ƙirji.

"Na gode, ɗana," ta ce cikin raɗa. "Yaya mutanen Salaga?"

Da Hausa ta yi maganar. Daɗi ya hana shi tunani, ya bi ta suna sauka.

Tsuntsayen teku suka yi tsit.

Ruwa ya kawo masa idon sawu. Ya kawo gwiwa. Kwandon na ɗiga masa sanyi a gadon baya, yana warin jiƙaƙƙun riguna.

Wani abu a ciki ya ja numfashi.

"Mma, ina muke zuwa?"

"Mazan garin nan ni kaɗai nake kai su ƙarƙashin teku," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Kai ne ka fara taya ni."

Igiyar ta matse masa ƙirji. Ruwa ya kai wuya. Ya lalubo wuƙar fiɗar kifi, ya yanke igiyar yana salati.

Kwandon ya faɗa ruwa ba ƙara.

Da rarrafe ya hau tudu. Bai sake shiga jirgin kamun kifi ba.

Bayan ya koma Salaga, wata rana yana tsaye a ƙofar gida, mahaifiyarsa Mma Abibatu ta dawo daga kasuwa, kwanon doya a ka, gumi na zuba.

"Wadud, ba ka gan ni ba ne? Sauke ni mana."

Ya gan ta sarai. Hannuwansa ne suka ƙi ɗaguwa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta durƙusa a hankali ta sauke kayanta da kanta.